Ban Haƙuri Ba Ya Zama Gona

Jama'a, in an ce Rasta, abin da ya kan faɗo wa yawancinmu shi ne tukkun gashi da kiɗan Bob Marley da tabar wiwi. Ni ma da haka na ɗauka. Amma da na bi labarinsu sai na ga ashe maganar gona ce tun daga tushe.

Su dai mutanen tsibirin Jamaika ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Sa'ad da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da ta ke mulki, a 1834, ta biya iyayengijin bayi fam miliyan 20, su kuwa bayin ko taƙi ɗaya ba a ba su ba. To, mutumin da aka 'yanta ba shi da inda zai sa fartanya, ina zai nufa in ba gonar ubangijinsa na da ba?

A 1930 aka naɗa Ras Tafari sarkin Habasha, ya ɗauki sunan Haile Selassie, daga nan waɗannan mutane suka samo sunansu. A 1940 wani jagoransu, Leonard Howell, ya kai jama'arsa wani tudu da a ke kira Pinnacle, wajen eka 500. Suka yi sassabe, suka shuka doya da dankali da masara, suna ƙona gawayi, suna ci da kansu. Ba zan ɓoye ba, sun noma wiwi kuma, shi ne hujjar da 'yan sanda suka riƙe suka watsa wurin a 1954. Amma in laifin na wiwi ne, ai sai a tuge wiwi. Don me za a kori mai doya? Daga baya filin ya koma hannun wani kamfanin gina gidaje, su kuwa suka tarwatse cikin unguwannin talakawa na Kingston.

Abin da ya fi wannan muni ya auku a Coral Gardens cikin Afrilu 1963. Asalinsa ma rigimar gona ce. Aka yi tarzoma, mutum 8 suka mutu, har da 'yan sanda 2. Maimakon a nemi masu laifi, sai gwamnatin Bustamante ta sa aka bi Rastawa ko'ina, aka kama fiye da 150, aka yi musu dūka, aka aske musu kai ƙarfi da yaji. Sai a 2017, watau bayan shekara 54, Firayim Minista Andrew Holness ya tashi a majalisa ya ba da haƙuri, aka yi alkawarin asusun dalar Jamaika miliyan 10 don waɗanda suka saura da rai.

Madalla da wannan. Amma a ganina ban haƙuri ba ya zama gona. Dubi abin da ya same su a Habasha ma, ƙasar da su ke kira gida. A 1948 Haile Selassie ya ba baƙaƙen fata na ƙetare eka 500 a Shashamane, Rastawa suka yi ƙaura can. Da soja suka tuɓe shi, a 1975 suka mai da ƙasa duka ta gwamnati, yawancin filin ya salwanta. 'Ya'yansu da aka haifa can suka girma ba takardar zama 'yan ƙasa, sai a 2017 gwamnati ta yarda ta ba su katin shaida.

Watakila wani ya ce, ai aƙidarsu ba tamu ba ce. Gaskiya ne, ni ma ban yarda da abin da su ke faɗi game da Haile Selassie ba. Amma alƙali ba ya tambayar addinin manomi kafin ya duba iyakar gonarsa. Mutanen da su ke ƙyamar takin zamani da abincin gwangwani, su ke son cin abin da hannunsu ya shuka, su ne ya kamata a fara danƙa wa ƙasa. Abin da na ke so in ji shi ne gwamnatin Jamaika ta sayi filin Pinnacle, ta rubuta shi da sunan jama'ar a takarda, ta buga hatimi.