Daga Wad Madani Zuwa Jidda: Tafiyar Sama Gajera Ce, Isa Filin Jirgi Ne Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan uwa, idan aka duba taswira, Hausawan da ke zaune a ƙauyukan Jazira da gaɓar Nil Azrak a Sudan suna cikin waɗanda suka fi mu kusa da Makka. Daga filin jirgin Khartum zuwa na Jidda bai kai kilomita 1,000 ba, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi. Daga Bur Sudan kuwa kimanin kilomita 300 ne, jirgi na tsallake Bahar Maliya cikin ƙasa da awa ɗaya. Alhajin da ya tashi daga Kano yana shafe fiye da awa huɗu a sama.

Wannan kusancin ba a banza ya samu ba. Kakannin da yawa daga cikinsu maniyyata ne da suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa, suna noma a hanya don neman guziri. Wasu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar.

Sai dai tun 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, lissafin ya sauya. An rufe filin jirgin Khartum, wanda ke da nisan ƙasa da kilomita 200 daga Wad Madani, zirga-zirgar jirage ta koma Bur Sudan. Mai son isa can daga Wad Madani sai ya bi ta Gadarif da Kasala, kusan kilomita 1,000 a mota. Wato tafiyar ƙasa ta ninka ta sama sau uku, ga shingayen bincike, ga tsadar mai. Wad Madani kanta ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, sojoji ba su ƙwato ta ba sai Janairu 2025. A Mayun 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari Bur Sudan, har aka dakatar da tashin jirage na wani lokaci.

Abin da muke ɗauka daga nan biyu ne. Na farko, malaman mazhabar Malikiyya sun sanya amincin hanya ga rai da dukiya cikin sharaɗin iko da ke wajabta Hajji. Don haka wanda yaƙi ya tare wa hanya babu laifi a kansa idan ya jinkirta, ko da Jidda tana kusa. Ya kamata limamai su riƙa bayyana wannan, don kada wani ya sayar da gonarsa ya jefa iyalinsa cikin haɗari.

Na biyu ya shafe mu da ke nan. Da yawanmu muna maimaita Umara kowace shekara, alhali danginmu na Jazira da Sinnar sun bar gidajensu, yaransu sun rasa makaranta. Kuɗin tikiti ɗaya zai ciyar da gidaje da dama. Muna kira ga kwamitocin masallatai da ɗalibai su nemi amintattun hanyoyin isar da taimako gare su.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.