Ganuwa ba ta tsare gari ita kaɗai

Idan aka ambaci Wurno, abin da ke fara zo mana a rai shi ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837. Ba kasafai mukan tambayi abin da ya raba shi da Sakkwato ya zaunar da shi a bakin iyaka ba. Wurno ribaɗi ce, wato garin tsaro da aka kafa a gefen gulbin Rima don tare hare-haren Gobirawa. A ganinmu, yadda aka tafiyar da ita ya fi labarin yaƙe-yaƙenta amfani gare mu.

Bello ya gane cewa mayaƙin da ba shi da gona ko iyali a wuri, damina na faɗuwa zai kama hanyar gida. Saboda haka ya mayar da sansani gari. Aka yi masallaci da makaranta, aka naɗa liman da alƙali, aka zaunar da maƙera da masaƙa da majema. Fulani makiyaya ya kwaɗaitar da su zama wuri guda, su ƙara da kiwon dawaki da raƙuma da tumaki, 'ya'yansu su yi karatu. Wasu garuruwan ribaɗin kuwa ya damƙa su ga 'ya'yansa da 'yan'uwansa, don kada a ce masu mulki na kwance a birni talaka na gadi a daji.

Gaskiya ɗaya ba za mu rufe ta ba: da yawa daga cikin waɗanda suka noma gandayen nan suka cika rumbunan bayi ne da aka kamo a yaƙi. Wanda zai yabi tsarin, ya tuna da guminsu.

Mu da muke zaune a zangunan Kumasi da Garwa da Injamena ba yaƙi muke yi da kowa ba, maƙwabtanmu abokan zama ne. Amma muna da abin tsarewa, harshe da tarbiyya. Mukan kashe dukiya a bikin naɗin sarkin zango, alhali malamin makarantar allo na wata uku ba a sallame shi ba, samari kuma na zaune ba sana'a. Wannan gina ƙofa ne a bar rumbu wayam. In muna son jikokinmu su tashi da Hausa a baki, kuɗin rawani ya fara bi ta makaranta da rumfar koyon sana'a.