Daga Bakin Shago: Murfin Madubin Bindigar Farauta, Wanne Ke Jure Ƙurar Fazzan?

Saƙon wannan makon daga nan unguwarmu ta Mahdiya ya fito, daga wani ƙanena mai shagon kayan tafiyar sahara: jarkoki, tocila, igiya, tanti da makamantansu. Ya ce masu fita farautar zomo da tsuntsaye sun dame shi da tambayar murfin madubin saiti, wato wannan tabarau da ake ɗaurawa a bayan bindigar farauta, kuma wanda yake yi masa odar kaya ya turo masa hotuna kala-kala har ya rasa na zaɓa. Tambayarsa: "Yaya, wanne zan zuba kuɗina a kai?"

To ƙanena, ka fara da sanin cewa yawancin waɗannan murafe an ƙera su ne domin maharban Amurka da Turai, mutanen da damuwarsu ruwan sama ce da dusar ƙanƙara. Mu nan Sabha sai a shekara ba a ga ruwan da zai jiƙa riga ba. Abokan gabarmu biyu ne, ƙura da rana. Wanda ya taɓa ganin gibli ta taso daga kudu a watan Afrilu, sama ta yi ja, yashi ya shiga har cikin tukunyar miya, ya san abin da nake faɗa. Hunturun Kano wasa ne a kanta.

Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi yana mataki na 7, gilashi kuwa bai kai nan ba. Ga shi kuma a fuskar madubin akwai wani shafe siriri ƙwarai, wanda shi ne ke ba da wannan launi mai kama da kore ko shuɗi, kuma shi ke sa haske ya wuce tas. Da zarar mutum ya ga ƙura ya kama gefen rawaninsa ya goge, to ya yi wa madubin aikin sanfefa da hannunsa. Shafen nan in ya karce ba ya gyaruwa a kasuwa. Don haka aikin murfi a Fazzan shi ne ya hana ƙurar zama tun farko, don kada a kai ga gugar.

Wanda aka fi tambaya shi ne mai ɓalli, wanda ake dannawa da yatsa ya buɗe da kansa. Kamfanin Butler Creek ya yi suna a kansa, kuma jabunsa sun cika duniya. Yana rufewa ruf, ba ya ɓata tunda a jikin madubin yake zaune. Amma akwai ɗan sifirin a maƙallinsa, kuma yashi na son wannan wurin. Mai araha, wanda robarsa ke ƙyalli kamar bokitin wanka, zafi ɗaya zai yi ya bushe ya ɓalle. Ka tuna cikin motar da aka rufe a rana a watan Yuli yana haura digiri 60. In za ka gwada samfur, ka matsa bakin da ke kama madubin: in ya lanƙwasa ya dawo, da dama-dama, in ya yi fari a wurin lanƙwasar, mayar masa da abinsa.

Akwai mai kofi biyu da aka haɗa da zaren roba, wanda galibi shi ke zuwa a kwali tare da madubin. Ba shi da tsada, ba shi kuma da tsawon rai a nan. Rana na cinye zaren, ko kuma mai shi ya cire ya ajiye a kan yashi ya manta. Shi ma mai gilashin roba, fari ko rawaya, wanda ake cewa ana iya leƙawa ta cikinsa ba sai an buɗe ba, ban ga amfaninsa ba: wata guda ya ishe shi ya dushe.

Wanda ni nake ganin ya fi dacewa da hanyoyinmu shi ne mai kama da riga, wanda ake saka wa madubin gaba ɗaya, na irin yadin roba mai laushi da masu nutso a teku ke sawa. Dalili kuwa, madubi ya fi shan wahala a bayan Hilux fiye da wurin farauta. Gargada, karo da jarka, ƙurar da ke biyo mota, duk rigar na tarewa, har da maɓallan saitin da ke sama da gefe, waɗanda murfi mai ɓalli bai rufe su ba. Aibinta ɗaya: yadin na riƙe yashi, sai an riƙa juya ta ana kakkaɓewa, a wanke lokaci-lokaci. Mai hali ya haɗa biyu, murfi a baki, riga a sama.

Wani zai ce ina dukawanmu? Gaskiya ne, fatar jar akuyar Sakkwato ta bi ayarin raƙuma ta ƙetare saharar nan zuwa Turabulus tun zamanin kakanni, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Baduku zai ɗinka maka kube mai kyau wanda zai fi kowace roba jure rana. Sharaɗi dai a yi masa shafi da yadi mai laushi a ciki, kuma fatar kada ta taɓa gilashin, saboda man da ake shafa mata.

Yanzu ga inda 'yan kasuwa ke asarar jari: awo. Za ka ga an rubuta 3-9x40 a jikin madubi. Wannan 40 ɗin faɗin gilashin gaba ne a milimita, ba faɗin ƙarfen da ya kewaye shi ba. Ƙarfen ya fi haka da 'yan milimitoci, kuma kowane kamfani da nasa kaurin. Ka yi odar murfi mai milimita 40, ka ga ko zai shiga. Haka nan in ka ji an ce inci 1 ko milimita 30, wannan kaurin bututun tsakiya ne, babu ruwansa da murfi. Sannan bakin gaba da na wajen ido ba girmansu ɗaya ba, kowanne da lambarsa. Dabarar mai sauƙi ce: a naɗa zare a bakin ƙarfen sau ɗaya, a auna tsawonsa, a raba da 3.14. Zare mai milimita 151 ya ba ka murfi mai 48.

Kuma zaren nan shi kaɗai nake so ya shigo shagonka. Kada ka yarda kowa ya kawo maka bindiga wai a gwada murfi, ko da kuwa abokin cinikinka ne na shekara goma. Ka ce, "Ya Hajj, auno mini da zare, murfinka na nan." Kada kuma ka ce a turo maka hoton bindigar ta WhatsApp, domin ka san a shingen bincike waya ake fara karɓa. Garin nan ya ga faɗan 2012 da na 2014, kuma ɗan gari in an tsare shi yana da dangi da ƙabila a bayansa. Kai baƙo ne, iyalinka na jiran abin da za ka aika Damagaram ko Katsina.

Shi madubin kansa kuwa, shawarata ka bar wa masu shi. Tun Fabrairun 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa Libiya takunkumin makamai da kayan da suka dangance su a ƙuduri mai lamba 1970. Sojan da ya buɗe buhunka tsakanin Gatrun da Madama, ko a Dirku, ba zai tsaya tantance na farauta da na yaƙi ba. Ko murafen ma, in kwalinsu na ɗauke da hoton bindiga, ka zubar da kwalin ka riƙe rasit.

Wani abin da zai rage maka kasada ya kuma ƙara ciniki: irin wannan murfi yana hawa tabaran hangen nesa, wanda direbobin sahara da makiyayan raƙuma da masu neman zinariya tun buɗewar Jado a 2014 suke yawo da shi. Sun fi maharba yawa nesa ba kusa ba. Ka ajiye musu ƙaramin burushi mai laushi da 'yar robar hura iska, ka koya musu tsarin: a hura, a share da burushi, sannan a goge da ƙyalle mai tsabta.

A odar farko kada ka ɗauki katan na lamba ɗaya. Ka tara awon masu tambaya na wata guda a littafi, ka ga lambobin da suka fi maimaituwa, sannan ka sayo kaɗan-kaɗan daga kowacce, rigunan kuma matsakaita da manya. Ka ajiye guda ɗaya a kan rufin shago ya sha rana mako biyu kafin ka biya sauran kuɗin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun batirin sola da zafin ɗaki.