Sana'ar Fiton Kaya Sai Da Koyo A Hannun Maigida

Jama'a, samari da yawa su kan tambayi yadda za su shiga sana'ar fiton kaya, watau tsaya wa ɗan kasuwa a kan hajarsa tun daga ƙasar da ya saye ta har ta iso rumfarsa. Shawararmu ita ce su fara da zama yara a hannun wanda ya san aikin.

Dā can, sa'ad da fataken Kano su ke zuwa Gwanja sayen goro, ba a ba mutum madugu sai ya yi shekaru yana bin ayari, ya san zango da mashigin ruwa, ya san abin da a ke biyan kowane sarki a hanya. Mai fiton kaya shi ne madugun zamanin nan, sai dai hanyarsa ta takardu ce.

Ga kaɗan daga abin da zai koya. Kafin kaya su taso daga Sin ko Turkiyya, sai an buɗe Fom M ta hannun banki. Akwai takardar lodi da kamfanin jirgin ruwa ke bayarwa, wadda ba a sakin kaya sai da ita. Akwai lambar haja ta tsarin kwastan na duniya da ya fara aiki a 1988, kowace haja da lambarta, kuma a kan lambar nan a ke yanka kuɗin fito. Akwai ƙa'idodin ciniki 11 na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris, waɗanda a ka fara fitarwa a 1936, a ka sabunta a 2020. Su ke nuna wa zai biya jirgi, wa zai biya inshora, da kuma inda hasara ke barin wuyan mai sayarwa ta hau wuyan mai saye.

To, in yaro ya kuskure lamba ɗaya, kwantena sai ta zauna a Apapa ko Tinkan. Da kwanakin alfarma sun wuce, kamfanin jirgi na ƙirga kuɗin jinkiri kullum, masu tasha na ƙirga kuɗin ajiya, har ribar mai kaya ta ƙare tun bai ga kayansa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Littafi zai gaya wa yaro sunan kowace takarda, amma gane kuskure a cikinta tun jirgi bai iso ba, wannan sai wanda ya zauna kusa da gwani.

Sai dai akwai laifi a irin zaman da yaranmu ke yi da iyayen gida. Wani ya kan shekara bakwai yana kai takarda ofis yana sayo abinci, ba a taɓa nuna masa yadda a ke lissafin kuɗin fito ba, don maigida na tsoron kada ya ƙwace masa abokan ciniki. Wani kuwa abin da ya fara koya shi ne rage darajar kaya a takarda da miƙa na goro. Ranar da asiri ya tonu, dukiyar mutane ce za a kama.

A Jamus ba haka a ke yi ba. Mai koyon wannan sana'a ya kan yi shekara 3 da yarjejeniya a rubuce, yana raba lokacinsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a, ana ba shi kuɗin wata. A ƙarshe majalisar 'yan kasuwa ta yi masa jarrabawa, ta ba shi takardar shaida wadda kowane kamfani ya yarda da ita.

Mu ma muna da abin da za mu ɗora a kai. Dokar 2007 ta kafa majalisar da ke kula da masu fiton kaya a Nijeriya, da ikon yi musu rajista da tsara iliminsu. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano kuma a 2023. In ba mu horar da 'ya'yanmu ba, tashoshin na ƙofar gidanmu, amma aikin cikinsu sai mun ɗauko masu yi daga nesa.

Saboda haka muna roƙon iyayen gida su rubuta yarjejeniya da yaransu: shekara nawa za a yi, me za a koya kowace shekara, nawa za a ba yaro, yaushe za a yaye shi. Iyaye su binciki maigida kafin su ba da ɗansu, su tabbata yana da rajista da lasin kwastan. Samari kuwa su ƙarfafa lissafi da Turanci da aikin kwamfuta, gama yanzu ta nan a ke shigar da takardu. Su riƙe amana, domin ɗan kasuwa ba ya miƙa dukiyarsa sau biyu ga wanda ya cuce shi.

Allah ya ba mai koyo haƙuri, ya ba mai koyarwa adalci. Haza wassalam.