Kafin ka ce "faɗuwar gaba ce kawai", ƙirga bugun zuciyarka

Akwai wani ƙanena, shekararsa 24, yana kabu-kabu tsakanin Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram, ranar kasuwar Sara kuwa ba ya sauka daga mashin sai dare. Bara da bazara ya fara cewa ƙirjinsa na dukan uku-uku, ko yana kwance ba ya aikin komai. A gida kowa ya kawo tasa fassarar. Inna ta ce faɗuwar gaba ce, ya yi ta addu'a. Abokansa suka ce soyayya ce ta kama shi. Wani kuma ya rantse jifa aka yi masa. Wata biyu muna wannan, babu wanda ya yi tunanin ya kama hannun yaron ya ƙirga.

Ranar da muka je asibiti, abin da ma'aikaciyar jinya ta fara yi ke nan. Ta zaunar da shi ya huta, ta ƙirga, ta samu 118 a minti guda. Aka auna jini, aka tarar ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro da yake ta dannewa da maganin kemis. Da likita ya matsa masa da tambaya sai ga sauran zance: lemon ƙara kuzari gwangwani uku zuwa huɗu a rana, goro a aljihu, shayi mai kauri da dare, ruwa kuwa sai ƙishi ya kai shi bango.

Jama'a, lissafin nan ba shi da wuya. Zuciyar baligi mai lafiya, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Abin da ya haura 100 alhali kana zaune, ba gudu ka yi ba, ba tsorata ka aka yi ba, kuma ya ƙi sauka, saƙo ne jikinka yake aiko maka. Yadda ake yi: ka zauna minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Ba a biyan ko sisi, kuma duk mai waya yana da agogo.

Sau da yawa ga matashi laifin ba na zuciyar ba ne, wani abu ne yake kora ta. In jini ya yi ƙaranci, dole ta ƙara gudu kafin iska ta isa ko'ina a jiki. Mu kuma a nan abubuwan da ke shanye jini suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya ga masu wanka a rafi, sikila, da yawan zubar jinin al'ada ga 'yan mata. Zazzaɓi da kansa yana ƙara bugu. Zafin Afrilu da rashin shan ruwa ma haka. Akwai maƙoƙo mai yawan aiki, wanda yake zuwa da rama da gumi da rawar hannu. Akwai damuwa da rashin barci, kuma kowa ya san halin da matasanmu suke ciki. Wasu magungunan mura da abin shaƙar masu asma su ma suna sa hakan.

Amma akwai wanda nasa daga zuciyar ne. Mai jegon da take haki, ƙafafunta suka kumbura, ƙirjinta na bugawa, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna rubutu a kan ciwon zuciyar bayan haihuwa, domin ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin sassan duniya. Haka duk wanda bugun ya zo masa da ciwon ƙirji, ko suma, ko numfashi na yankewa, wannan ba na gobe ba ne. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai babban asibiti a Gwaram. A tafi a ranar. Kuma don Allah kada a sayi ƙwayar rage bugun zuciya a kemis saboda ta yi wa wani aiki. Irin su propranolol suna iya toshe numfashin mai asma, sannan su rufe ainihin ciwon yana ci gaba da cin mutum.

To yanzu bari in taɓa namu, mu 'yan siyasa da magoya baya. Ranar gangami wa muke tarawa tun safe cikin rana? Yaran nan ne. Me ake raba musu? Katan-katan na lemon ƙara kuzari da 'yan kuɗin da kowa ya san inda wasu suke kai su. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma tiramol bai bar tashoshinmu ba, kuma yana cikin abubuwan da ke hargitsa bugun zuciya har ya kai ga farfaɗiya. Muna ganin yaro yana tsalle a kan mota awa shida ba gajiya, mu ce yana da kishi. Wallahi wani ba kishi ba ne, ƙwaya ce. In ya faɗi, uwarsa ce za ta yi jinya, mu mun wuce gari na gaba.

Shawarata ƙarama ce. Duk shugaban matasa na mazaɓa ya maye katan ɗin lemon nan da ruwan leda. A kowane taro a gayyato ma'aikacin lafiya ɗaya daga cikinmu, ai muna da su, ya auna bugu da hawan jini kyauta. Masu neman kujera kuma mu tambaye su a fili: yaushe ƙananan asibitocin mazaɓunmu za su samu abin auna yawan jini da na'urar gwajin zuciya mai aiki?

Ƙanena ya sha maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, ya bar gwangwanin nan, yanzu da jarkar ruwa yake yawo a mashin. Na ƙirga masa makon jiya, 78. Kai ma yau da daddare, kafin ka kwanta, kama hannunka, sannan ka kama na ƙaninka. Allah Ya ƙara mana lafiya.