Kowa ya ci ladan kuturu...

Tun da aka rushe jam'iyyun siyasar Nijar a watan Maris na 2025, nake jin mutane na cewa an huta, in ma siyasa ta dawo kada a ƙara bai wa jam'iyya ko sisi daga baitulmali. Na fahimci haushinsu, amma ban yarda da maganinsu ba.

Dokar jam'iyyu ta 2010 ta ware musu kashi 0.30 cikin ɗari na harajin da gwamnati ke tarawa a shekara, wato sefa 3 daga kowace jika. Masu neman a soke wannan tallafi su faɗa mana: wa zai biya hayar ofishi, man mota da wakilan runfunan zaɓe daga Diffa har Tillaberi? Siyasa ba ta tafiya da iska. In gwamnati ta janye hannunta, ɗan kwangila zai miƙo nasa. Shi kuwa ba sadaka yake yi ba, jari yake zubawa. Ranar da ɗan takararsa ya hau kujera, zai zo karɓar riba da kwangilar hanya ko sassaucin kwastan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, kuma da aljihun talaka ake biyan wanzamin.

Mu leƙa Najeriya, inda aka daina bai wa jam'iyyu tallafi. A 2022, APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Wane malamin makaranta ne zai iya wannan? An rufe ƙofa ga mai ilimi, an buɗe ta ga mai uban gida.

Za a ce tallafi ne ke haifar da jam'iyyun jaka, waɗanda shugabansu, matarsa da direbansa su ne dukan mambobi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: ƙasar da ta tara jam'iyyu sama da 150, ta tsayar da 'yan takara 30 a zaɓen shugaban ƙasa na Disamba 2020, ba aƙida ce ta yi mata yawa ba. To amma laifin na rabon ne da rashin bin sawu. Ba a ƙone rumbu don ɓera ya shiga.

Ga abin da nake nema. A ba jam'iyya gwargwadon ƙuri'un da ta samu. A sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa, a buga sunayen manyan masu bayarwa kowa ya gani. Jam'iyyar da ba ta kai lissafinta gaban kotun binciken kuɗin gwamnati ba, a yanke mata tallafi, a hana ta takara.

Ko mun so ko mun ƙi, mu ke biyan kuɗin siyasa. Zaɓin da ya rage mana shi ne mu biya sefa 3 a fili da rasit, ko mu biya miliyoyi a ɓoye ta hanyar kwangilar da ba a gama ba.