Maroƙi Daban, Ɗan Jarida Daban

Mutanen ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, ba baƙin roƙo ba ne. Sa'ad da Narambaɗa yake waƙe Sarkin Gobir na Isa, kowa ya san sana'arsa ke nan, a fili ake yi masa kyauta, kuma ba alƙalin da ya taɓa karɓar kirari a matsayin shaida. Abin damuwa a yau shi ne roƙon da ya saka rigar aikin jarida, watau irin labaran da mujallu ke bugawa game da masu kafa kamfanonin fasahar zamani.

A 2014 mujallar Fortune ta Amurka ta sa hoton Elizabeth Holmes a bangonta, wai kamfaninta Theranos yana gwada cututtuka masu yawa da ɗigon jini. Sai a 2015 John Carreyrou na jaridar Wall Street Journal ya tambayi tsofaffin ma'aikatanta, asiri ya tonu. A 2022 aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11.

Kada mai karatu ya ce wannan can Amurka ne. Kamfanin Tingo na Dozy Mmobuosi ya ce manoman Nijeriya fiye da miliyan 9 suna aiki da wayoyinsa, jaridu kuwa suka yi ta maimaitawa. A Disamba 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta kai shi ƙara, ta ce asusun da aka nuna yana da dala miliyan 461.7 ko dala 50 babu a ciki.

To, ina editoci suke? Manomi ba aljani ba ne da ba a ganinsa. Da an aiki wakili ɗaya ƙauye kamar Burkusuma ranar kasuwa ya tambayi masu gero da wake ko sun taɓa ganin wayar, ya kuma zaga wasu ƙauyuka, da an fara shakka tun da wuri. Amma zuwa ƙauye yana cin kuɗi da lokaci, alhali hira da attajiri a ofis mai sanyi ba ta da wahala, wani lokaci ma talla tana biye da ita.

Saboda haka ba mu ga laifin masu karatun da suka daina gaskata irin waɗannan labarai ba. Muna dai kira ga ma'aikata, waɗanda ta hannunsu yarjejeniyar gwamnati da kamfanoni ke bi, da ɗalibai masu neman abin koyi, su riƙa tambaya uku: wa ya ƙidaya adadin, wa aka ji ta bakinsa ban da mai kamfanin, kuma wa ya biya kuɗin shafin? Editan da labarinsa bai amsa waɗannan ba, lalle ya rubuta "talla" a samansa, yadda za a san matsayinsa. Allah ya sa a gyara.